Na kwashi adashe don kai yara Yankari, maigida ya ce sai dai Kano

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a nan Kaduna, 'ya'yanmu huɗu: babbar shekararta 11, mai bi mata namiji 8, sai mai shekara 5, sai ta goye da ba ta daɗe da fara tafiya ba. Tun da muka yi aure, duk hutun makaranta Kano muke zuwa gidan su maigida. Ba ƙin zuwa nake ba, Hajiya tana ji da ni, amma daga ranar da muka sauka har ranar dawowa ina kicin. Bana na kwashi adashe, na ce mu kai yaran Yankari a hutun Disamba, don babbar ta ishe ni da zancen tun da aka koya musu a makaranta. Ya ce ɓarnar kuɗi ce, kuma me zai ce wa Hajiya? Ya tuna min tafiyarmu ta ƙarshe: mai shekara 5 ya yi ta amai, manyan suna kokawa a kan wayata, ƙaramar na tsala ihu tun daga Jaji har Kwanar Ɗangora, sai da ya tsaya a bakin titi ya daka musu tsawa, ya ce shi ya gaji da tafiya da yara. Mako biyu ke nan muna 'yar tsama. Laifi ne don na so yarana su ga wani wuri? Kuma yaya zan yi da su a mota?

Maman yara huɗu, Kaduna

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ba laifi ba ne ko kaɗan. Uwar da ta yi wata da watanni tana zubi, ta hana kanta atamfa da turare don 'yarta ta ga giwa da idonta, ba ita za a ɗora wa laifi ba. Sai dai a wasiƙarki buƙata biyu na gani, ke kuma ɗaya kika kai gaban maigida. Ta yara kin faɗe ta da ƙarfi. Taki kuwa kin binne ta a tsakiyar magana, inda kika ce daga sauka har dawowa kina kicin. Kin gaji. Kina so a ce yau ke ma an zubo miki abinci kin ci, ba ki san wanda ya wanke tukunya ba. Wannan ma haƙƙinki ne, kuma muddin ba ki furta shi ba, maigida zai ci gaba da ɗauka cewa duk rigimar a kan kallon namun daji ce, ya yi ta mamakin abin da ya sa kika kafe haka.

Shi ma a duba nasa ɓangaren. Daga Kaduna zuwa Kano wajen kilomita 230 ne, hanya ce ta tireloli da tankokin mai, kuma tun da aka fara aikin sake gina titin Abuja zuwa Kano a 2018 direbobi suka sha fama da wuraren da ake haɗe masu zuwa da masu dawowa a hannu ɗaya. Mutumin da ke riƙe da sitiyari, rayuka biyar a wuyansa, ga ihu a bayan ƙeyarsa, ga warin amai, tsawar da ya yi ta tsoro ce fiye da ta mugunta. Ban ce ya kyauta ba, amma na fahimce shi. Ga kuma aljihu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, cika tanki ya zama abin da magidanci ke yi wa lissafi tun ana saura mako, kuma ana dawowa daga hutun Disamba kuɗin makarantar yara uku na jiransa a Janairu. Ko da kin ce ke za ki biya, ya san idan mota ta lalace a hanyar Bauchi shi za a kalla. Akwai kuma abin da maza ba su cika faɗa ba: wani yana jin nauyin a ce matarsa ce ta ɗauki ɗawainiyar tafiyar iyali. Kuɗinki naki ne, addini ma ya bar miki, amma ki san wannan wurin yana da ƙaiƙayi, ki taɓa shi a hankali.

Sai Hajiya. Tsohuwar da ke lissafa ranar hutun makaranta fiye da 'yan makarantar, wadda wataƙila tun yanzu ta sa an fara soya mata gyaɗa saboda jikoki. Idan aka ce mata bana ba za a zo ba, an tafi kallon birai, ba ɗanta za ta zarga ba, ke za ta zarga, ko da ba ta ce uffan ba. Kin ce tana ji da ke. Wannan jari ne da mata da yawa suke nema da kuka ba su samu ba, kada ki kashe shi a kan kwana uku. Don haka duk shawarar da za ta sa maigida ya zaɓa tsakanin uwarsa da matarsa, ki ajiye ta gefe tun yanzu.

Game da Yankari, zan faɗa miki gaskiya ko da ba za ta yi daɗi ba: wurin ya cancanci zuwa, lokacin ma kin zaɓa daidai, amma ban ga tafiyar bana ba. An keɓe dajin tun 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 2,000, kuma rani ne lokacin kallo, domin ciyawa ta bushe, dabbobi suna taruwa a bakin kogin Gaji neman ruwa. Ga ruwan Wikki mai ɗumi, wanda zafinsa ke tsayawa wajen digiri 31 dare da rana, garau har kina ganin yashin ƙasa. Yara idan suka shiga sai an yi da gaske kafin su fito. To amma kafin ki kai can, sai kin bi ta Saminaka kin hau Jos, kin gangara Bauchi, sannan ki ƙara fiye da kilomita 100. Wuni guda ne cur a mota, kuma ba hanyar da zan so dare ya riske ku a kai ba ce. Yaron da ya galabaita a tafiyar Kano, a ninka masa ita biyu har da ɗori, me kike tsammani? Giwar ma ba alkawari ba ce, akan zaga daji a dawo ba a gan ta ba, sai ɓauna da gwambaza da mugun dawa. Birai kuwa ba sai kin nema ba, su za su neme ki, har ƙofar ɗaki, su fizge ledar burodi daga hannun yaro. Da 'yar da ba ta gama iya tafiya ba, hutun da kike nema zai koma gadi.

Abin da nake ba ki shawara shi ne ki sayi Yankari da kaɗan-kaɗan. Maigida ba zai yarda da doguwar tafiya ba sai ya ga gajera ta yi kyau, gani ya kori ji. Ki fara da Asabar ɗaya a nan cikin gari. Mu mutanen Kaduna mun iya wuce abin da baƙi ke biyan kuɗin mota su zo gani. Gidan tarihi na kan titin Ali Akilu yana da kawunan yumɓu na Nok, waɗanda suka haura shekara 2,000, kuma ƙauyen da aka fara tono irinsu a 1928 a kudancin jihar nan yake. Gidan Arewa a titin Rabah, inda Sardauna ya zauna, yana da hotuna da kayan tarihi da za su riƙe 'yar shekara 11 awa guda ba ta sani ba. Da la'asar ku ƙarasa Ƙofar Gamji a bakin kogi, ku nuna musu tsohuwar gadar ƙarfen Lugard da aka fara kafawa a Zungeru a 1904 kafin a ɗauko ta zuwa nan, ku shimfiɗa tabarma ku ci abin da kika dafo. Wannan fitar ce za ki gwada duk dabarun mota da zan faɗa miki, a inda in abu ya ɓaci gida na kusa.

Sannan ku je Kano kamar yadda aka saba, amma a wannan karon da sharaɗi: a cikin kwanakin a ware biyu na fita, kuma Hajiya na cikin ayari. Ki kira ta da kanki tun kafin ku taso, ki ce, "Hajiya, jikokinki sun ce bana ke za ki kai su Gidan Makama ki ba su labarin Kano." Ban san kakar da za ta ƙi wannan ba. Gidan Makama yana nan kusa da fada, tarihinsa na komawa zamanin Muhammadu Rumfa. Marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498, yara za su tsaya a bakin rami su ga an tsoma farin yadi ya fito kore-kore, iska ta buge shi ya koma shuɗi a gaban idonsu, su yi ta tambayar ko sihiri ne. Manyan biyu su hau Dala da babansu da sassafe, ku da Hajiya da ƙananan ku jira su a ƙasa. Gidan zoo na Audu Bako kuma zai ɗan rage wa babbar zafin rashin Yankari. A waɗannan ranaku biyu ba ke ba tukunya. Ki cire wani abu daga kuɗin adashen a sayo gurasa da tsire, ko a biya wata ta yi girkin gidan. Sauran kwanakin kuma ki zauna da facalolinki da ƙannen maigida ku raba girki, ranar wance da ranar wance. Sau da yawa matar da ta iya aiki ita ke jawo wa kanta, ta shiga kicin ranar farko da zafinta, kowa ya ja baya ya bar mata har abada. Bana ki ɗan yi nawa.

In kuma yaran sun nace sai sun ga sabon abu, akwai jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, kilomita 186, wanda ya fara aiki a 2016. Ga yara, jirgin kansa shi ne yawon: ana iya miƙewa, akwai banɗaki, babu mai tuƙi da za a ɓata wa rai. Ana sayen tikiti ta intanet, kuma tun da aka dawo da zirga-zirga a Disambar 2022, bayan harin watan Maris na shekarar, ana neman lambar NIN. Lokacin hutu tikiti na ƙarewa da wuri, a saya har da na dawowa. Idan maigida ya ce hankalinsa bai kwanta da hanyar ba, kada ki ja da shi, yana da dalilinsa.

Yanzu ga maganar mota, wadda a ganina ita ce gindin rigimarku. Yawancinmu muna shirya inda za a je, mu manta cewa awa uku ko huɗun da ke tsakani su ma sai an shirya su. Ku tashi da wuri, amma a hunturu kada ku fita cikin duhu da hazo. A yi Asuba, a karya, gari ya waye tangaram sannan a kama hanya. Yaran da aka tayar da sassafe yawanci kafin a wuce Marabar Jos sun koma barci, kin ga an ci kashi ɗaya na tafiyar kyauta. Kaya kuwa a ɗaure su tun daren jiya, a duba taya da birki da ruwan inji tun ana saura kwana biyu, don in akwai gyara kada ya zama na safiyar tafiya.

Mai amai ba shagwaɓa yake ba. Abin na yawan kama yara daga shekara 2 zuwa 12, kuma dalilinsa shi ne cikin kunne yana jin jiki na motsi, ido kuma, in yana kallon waya ko bayan kujera, yana cewa a tsaye ake. Saɓanin nan ke tayar da zuciya. Ki zaunar da shi a tsakiyar kujerar baya inda zai riƙa hango titi ta gilashin gaba, a ɗan sauke gilashi iska ta shigo, kada a fesa turare mai ƙarfi a motar. Kada ya tafi da yunwa, kada kuma a cika masa ciki da ƙosai da shayi mai madara. Burodi da ɗan kunu sun isa. Waya da littafi ba nasa ba ne sai an tsaya. Ki ajiye leda da tsumma da kayan canji a inda hannunki zai kai, ba a but ƙarƙashin buhun tsaraba ba. Akwai maganin da ake sha kafin a tashi, amma likita ko ƙwararren mai kemis ne zai faɗa miki wanda ya dace da shekarunsa. Abin da nake roƙonki da shi, kada ki bi shawarar masu ɗura wa yara maganin mura ko na tari don su yi barci a hanya. Wasu yaran maimakon barci firgicewa suke, kuma ga 'yar goye haɗari ne na gaske.

Ita ƙaramar, ihun da ta yi daga Jaji zuwa Kwanar Ɗangora yana da dalili: ko zafi, ko jiƙaƙƙen nafkin, ko gajiya da zama wuri ɗaya. Ku sa Zariya ta zama zango na dole ko da kowa ya ce lafiyarsa lau. Minti ashirin a gidan mai mai tsabta, a canza ta, ta taka ƙasa, manyan su zaga, maigida ya miƙe ƙafa. In da hali a samo mata kujerar yara ta mota, ko ta gwanjo ko aro. In babu, ku zauna a baya, kada ki riƙe ta a cinya a kujerar gaba, kuma duk yaron da bai kai 12 ba wurinsa baya ne, da bel. Gyaɗa da aya da alewa mai tauri kada su shiga bakinta a mota, rami ɗaya aka faɗa sai ta shaƙe. Ayaba da dafaffen ƙwai da ɗan cincin mai laushi sun fi. Ko minti biyar ne kada a bar yaro a rufaffiyar mota.

Manyan biyu kuwa, faɗansu na rashin aikin yi ne, don haka ki ba su aiki. Babbar ki naɗa ta magatakarda: littafi da biro, ta rubuta kowane gari da lokacin da aka wuce shi, Rigachikun, Birnin Yero, Jaji, Zariya, Tashar Yari, Kwanar Ɗangora, Kura. Duk wanda ya ce "Mama mun kusa?" a tura shi wurinta ta duba masa saura gari nawa. Namijin shi ne sarkin guzuri, jakar abinci a hannunsa, shi ke rabo, amma sai an kai garin da aka yi alkawari. Za ki sha mamakin yadda yaro ke tsare dokar da aka ce shi ne mai ita. Kowannensu ki ɗinka masa 'yar jaka da gorar ruwansa da wani sabon abu ƙarami da bai taɓa gani ba, kuma kada ki fito da komai gaba ɗaya, ki riƙa saki ɗaya bayan ɗaya.

In sun fara gundura, ki koma ga abin da aka rene mu da shi. Ki ce kulun kulufita, ki ji wa zai ce gauta. Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya. Baba na ɗaka gemu na waje. Ki sa su faɗi "ƙato ya yi ƙoto, kwaɗo ya yi ƙoto" da sauri sau biyar, ki ga ko babansu ba zai yi dariya ba. A fara tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi, kowa ya ƙara jimla ɗaya, a ga inda za ta ƙare. Idan wani ya ce ai ba a tatsuniya da rana, ki ce matafiyi an yi masa rangwame, tunda har salla yana yin ƙasaru. A yi gasar ƙirga: wannan jajayen motoci, wancan garken shanu. A ɗan yi tilawar surorin da ake biya musu a Islamiyya, wanda ya kakare a ɗora masa. Waya ita ce ta ƙarshe, bayan an bar Zariya, a sauke abin da za su kalla tun a gida, kowa minti goma sha biyar, kuma agogo a hannunki. In an yi faɗa a kanta ta koma jaka har Kano, ki faɗi wannan tun kafin a tashi, kuma ki cika. A jakarki ke kuma kada a rasa farasitamol na yara da gishirin ORS da man kaɗanya saboda leɓe da ƙafa, da rigunan sanyi, da gidan sauro in ba ki tabbata akwai a ɗakin da za ku sauka ba.

Saura yadda za ki tunkari maigida. Ki fara kashe 'yar tsamar nan, domin ba a cinikin arziki da fuska a ɗaure. Ki zaɓi daren da ya ci ya ƙoshi, yara sun kwanta. Kada ki fara da Yankari. Ki ce masa kin yi tunani, kin ga wahalar da ya sha a tafiyar da ta wuce, kuma kin janye maganar bana. Sannan ki faɗa masa abin da kika faɗa min, a fili: "Abban yara, ina son zuwa gida, amma ina dawowa a gajiye fiye da yadda na tafi." Ki nuna masa lissafi a takarda, mai nawa, abinci nawa, kuɗin shiga wurare, tsaraba, da wani kaso da ba za a taɓa ba sai ta ɓaci. Maza da yawa da ke cewa ɓarna ce, adadin ne ba su gani ba, suna hasashen abin da ya ninka gaskiya. Ragowar adashen ki nemi shawararsa a kan inda za a ajiye da sunan Yankari, ku sa lokaci tare, ko hutun Afrilu in za ku iya da zafi, ko Disamba mai zuwa lokacin da ƙaramar ta yi ƙwari, a kwana a Jos ko Bauchi a raba hanyar biyu, a kama ɗaki tun da wuri.

Zai yiwu duk da haka ya ce a'a. In ya ƙi fitar Kano, ki tsaya a kan rabon girki da Asabar ɗin Kaduna, waɗannan ba sa buƙatar tankin mai. In ya ce shi dai ba zai sake tuƙa yara ba, ku duba ɗaukar shatar mota daga Kawo da direban da aka sani, ko wani ƙaninsa ya karɓe shi tuƙi. Ita kuma babbar, ki zaunar da ita ki gaya mata gaskiya cewa bana ba za a je ba, da dalili, ba tare da kin jingina laifin ga babanta ba. Ki ba ta aikin tattaro duk abin da za ta iya samu game da Yankari, dabbobin da ke ciki da garuruwan da za a ratsa, ta zana taswirar hanyar da hannunta, ta kai wa Abbanta ya gyara mata inda ta yi kuskure.

Allah ya daidaita tsakaninku, ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ki gaishe min da Hajiya in kun isa.